Jirgin Wasiƙa da Juyawar Hanyar Fatauci

 

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya haɗa mutumin Zamfara, wanda bai san wani ruwa ba sai Gulbin Sakkwato, da jiragen da suke ratsa teku? Amsar ita ce, yarjejeniyar da aka ƙulla a Landan a kan ɗaukar wasiƙu tana cikin sabubban da suka juya fuskar kasuwancin ƙasar Hausa daga arewa zuwa kudu, alhali ba a shawarci ko mutum guda daga cikin kakanninmu ba.

A shekarar 1824, sa'ad da wani Bature matafiyi mai suna Kilafatan ya sauka a Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila, kuma takardar nan sai da ta bi ta Barno, ta keta Sahara zuwa Tarabulus, ta yi watanni a hanya kafin ta isa. Haka al'amarin yake a wancan zamani: labari da haja duka a bayan raƙumi suke tafiya, madugai da attajiran Gadamas su ne ke riƙe da linzami.

A 1852 sai hukumar Ingila ta ƙulla sharaɗi na shekara goma da Macgregor Laird, cewa kamfaninsa zai riƙa tashin jirgi mai tururi kowane wata zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, yana tsayawa a Batas ta Gambiya, da Saliyo, da Ankara, da Ikko, har tsibirin Fanando Fo, ita kuwa hukuma ta biya shi sama da fam 20,000 a shekara. Hikimar abin ita ce, kuɗin kan sarki ba za su taɓa biyan kwal da albashin ma'aikatan jirgi ba, amma da zarar baitulmali ya ɗauke wannan nauyi, sai jirgi ya sami ikon zuwa a kan ƙayyadadden lokaci ko da kaya ko babu, kuma inda duk aka tabbata jirgi zai zo a rana kaza, can 'yan kasuwa za su tara hajarsu. Da sunan wasiƙa aka biya, amma manja da auduga da atamfa su suka ci moriya. Shi dai Laird ɗin ne ya aika jirgin Pleiad cikin Kwara da Binuwai a 1854, wanda ya buɗe ƙofar da daga bisani aka shigo mana ta cikinta.

A wasu ƙasashen da Ingila ta mallaka, irin wannan sharaɗi sai an yi muhawara a kansa. Hukumomin Ostareliya, waɗanda kowace take da majalisarta, sun taru a Malbon a 1867 suna jayayya a kan ko jirgi ya biyo ta Suwez ko ta Fanama, da nawa kowace za ta zuba, domin kowane birni ya fahimci cewa tashar da jirgi ya fara tsayawa ita ke fara jin farashin kasuwa. A 1901 kuma Jamaika da Ingila suka raba biyan fam 40,000 na kowace shekara gida biyu, suka ba Alfred Jones, shugaban kamfanin Elder Dempster, bisa sharaɗin jiragensa su ɗauki wasiƙu tare da ayabar manoman tsibirin. Ku lura, jama'a: wanda ya zauna a wurin shawara yakan fita da rabon mutanensa.

Mu kuwa, Jones ɗin nan ne ya tattara jiragen Afirka ta Yamma a hannunsa, ya kafa bankin da a yau ake kira First Bank a 1894, sa'an nan a 1895 ya haɗa kai da kamfanin Woermann na Jamus suka tsayar da kuɗin dako yadda suka ga dama, tare da riƙe rangwamen duk ɗan kasuwar da ya kai kayansa jirgin wani. Shi ne kuma shugaban ƙungiyar noman auduga da aka kafa a 1902, wadda daga baya ta gina injin gurzar auduga a Gusau. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, jakar wasiƙa ta riƙa hawowa ta Kwara zuwa Lakwaja da Zungeru, masinjoji suna ƙarasawa da ita a ƙafa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, tun daga nan audugar Talata Mafara da gyaɗar Ƙaura suka fuskanci Ikko, ayarin Sahara kuwa ya yi ta raguwa. Kuɗin fito ma a bakin teku ake karɓarsu, abin da ya sa asusun Arewa ya dogara ga taimakon Ingila da na Kudu, har ya zama ɗaya daga cikin hujjojin haɗe Arewa da Kudu a 1914.

Ba na musun alherin da ke ciki, domin takardar da take yin watanni ta koma makonni, kuma ilmi da magani sun biyo wannan hanya. Abin da nake faɗa shi ne, hanyar da aka gina da dukiyar jama'a amana ce, kuma wanda bai halarci rabonta ba, haƙƙinsa yakan salwanta.

Saboda haka ina kira ga malamanmu da wakilanmu da samarinmu masu karatu: duk lokacin da aka ce hukuma za ta tallafa wa titi, ko layin dogo, ko ruwan Bakolori, ko turakun wayar sadarwa, ku nemi takardar sharaɗin ku karanta, ku tambayi nawa za a biya, shekara nawa, kuma a waɗanne garuruwa za a tsaya, tun kafin a sa hannu. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.