Gonar Da Ke Ciyar Da Kurmi Ta Gaji

Wani tsohon malamin gona, wanda ya daɗe yana aiki a karkarar Kano da Katsina, ya yi wa 'yan Arewa mazauna Agege jawabi a wurin taron da reshen jam'iyya ya shirya. Galibin waɗanda suka halarta fataken shanu ne da mahauta da 'yan gwari da masu sayar da hatsi. Ga abin da ya faɗa musu.

Bayan ya gode wa dattawan zango da shugabannin kasuwa, malamin ya ce duk wanda ya tsaya da asuba a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko Bodija ta Badun, zai ga manyan motoci suna sauke albasa da tumatir da wake da gero. Ya ce kowane buhu daga cikinsu yana ɗauke da wani kaso na ƙarfin gonar da ta haife shi. Buhu ya sauka a Kurmi, kuɗi ya koma gida, amma ƙarfin ƙasa ba ya komawa. Haka nan saniyar da ta ci ciyawar Arewa ta girma, in an kawo ta mayankar Oko-Oba, tumbinta da jininta a nan suke zubewa.

Ya tuna musu cewa kakanninsu sun san wannan lissafi. Gonakin da ke kewaye da birnin Kano an yi ta noma su shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, kuma ba su mutu ba. Jakin da ya kai itace birni ba ya dawowa sai da mangalar taki da toka. Da damina a ɗaure awaki da tumaki a turke, da rani a kwashe takinsu a kai gona. In an yi girbi, Bafulatani ya sauka da garkensa a gonar, shanu su ci kara su bar kashi, mai gona kuma ya sallame shi da damin dawa. Ga kuma gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina, shuka ta yi kyau a ƙarƙashinsa.

Malamin ya ci gaba da cewa wannan tsari ya yi rauni. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun ci dabbobi, cutar bushiya ta 1983 ta ƙara ragargaza garkuna. Jama'a ta yi yawa, gado ya yanka gonaki ƙanana ƙanana. Kara da harawa yanzu kwashe su ake yi a sayar, a bar ƙasa tsirara iska tana ɗiba. Gabar da ta shiga tsakanin manomi da makiyayi kuma ta raba gona da garke a wurare da yawa. Ya ce wanda ya je ganin gida ya tarar ƙuduji ya rufe dawar mahaifinsa, to, ya sani ƙasar ce take kukan yunwa.

Game da gwamnati, ya ce shirin Ciyar da Ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da shirin bunƙasa noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980, duka sun dogara ga takin zamani mai rahusa. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka tarar manomin Afirka kilo 8 kacal yake sa wa hekta guda, suka yi alkawarin kai shi kilo 50. A 2022 kuma an buɗe babbar masana'antar taki a Lekki. Duk wannan alheri ne, in ji shi, amma takin zamani a jigawar da ba ta da takin gida kamar zuba ruwa ne a rariya, ruwan sama biyu ya wuce da shi. Sai an haɗa su biyun kowanne yake yin aikinsa.

Ya kawo misalin ƙasar Maraɗi, inda tun daga 1983 manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani, wato in kututture ya yi toho a gona sai a rage rassan a bar masu ƙarfi su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ba da kuɗi mai yawa ba.

Daga nan ya roƙi jama'a abu huɗu. Na farko, kuɗin taki ya isa gida kafin ruwan fari, ba bayan shuka ta yi ja ba. Na biyu, wanda Allah ya hore wa ya saya wa iyalinsa tunkiya ko akuya, da sharaɗin ba za a sayar da harawar gona ba, takin kuma gona za a kai shi. Na uku, kowa ya yi wa ƙannensa kashedi kada a sare gawo, kada a ƙone kara. Na huɗu, a riƙa juya shuka, inda aka yi dawa bana a sa wake ko gyaɗa ko waken soya baɗi, domin su ne ke mayar wa ƙasa ƙarfi, waken soya kuma yana rage ƙuduji. Ya kuma yi kira ga shugabannin jam'iyya su matsa a mayar da malaman gona ƙauyuka, a kuma riƙa raba taki a kan kari.

A ƙarshe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya: ranar da gonar Arewa ta kasa, ranar ce cinikin ɗan Arewa zai tsaya a Kurmi. Kuma komai daɗewar mutum a baƙunci, gida zai koma, gonar da ya bari ita za ta riƙe shi da tsufa. Ya roƙi Allah ya ba da damina mai albarka, jama'a suka shafa fatiha.