Jego Ma Yana Da Nasa Hatsarin: Jawabin Wata 'Yar Ƙungiya A Taron Cika Shekara 10

 

Hajiya Shugaba, uwar ƙungiya, Ma'aji da Sakatariya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu maza da suka zo taya mu murna, da 'yan uwana mata, ina gaishe ku gaba ɗaya. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Yawancinku kun san ni a kasuwa, gaban tiren daddawa da kuka da man gyaɗa. Ni ba mai jawabi ba ce, in muryata ta yi rawa ku yi mini afuwa. Amma wannan takardar da ke hannuna ni na rubuta ta da kaina, dare huɗu ina yi ina gogewa. Shekara uku da suka wuce ko sunana ba na iya rubutawa, sai dai a dangwala mini yatsa a tawada.

Da aka ce in yi magana yau, an zaci zan yi ta ne kan jari da adashi. Na roƙi Hajiya Shugaba ta bar ni in faɗi abin da ya same ni a haihuwata ta bakwai, don ba don wannan ƙungiya ba, da yanzu marainiya ce ke riƙe da 'ya'yana.

Haihuwa shida na yi a gida lafiya lau, ban taɓa kwana a asibiti ba. Shi ya sa a ciki na bakwai sau ɗaya na je awo, shi ma don a ba ni gidan sauro. Ina cewa a raina, ni da na saba, me za a koya mini? Naƙuda ta zo bayan sallar isha'i, kafin sha biyun dare na sauka, mace. Ungozoma ta yanke cibi, mabiyiya ta fito, aka yi guɗa, kowa ya tafi ya kwanta. Mai gida kuwa yana hanya, ya bi motar hatsi zuwa kudu.

To daga nan ne abin ya fara. Jini ya ƙi tsayawa. Na canja zani ɗaya, na canja na biyu, na canja na uku. Surukata, Allah Ya ji ƙanta, ta leƙo ta ce, "Jinin biƙi ne, gara ya fita, in ya zauna shi ne ciwo." Ba mugunta ta yi mini ba, abin da ta gada ke nan. Ni kuma kunya ta rufe mini baki. Mace mai 'ya'ya bakwai ta yi raki kamar 'yar fari? Sai na yi shiru ina dauriya, alhali kunnuwana sun fara ƙara, ina ganin fitila biyu-biyu, ga ƙishirwa, ga gumi mai sanyi.

Maƙwabciyata, wadda ke zaune cikinku yanzu, ita ta shigo da asuba da ruwan zafi. Tana ɗaga zanin ta ajiye bokitin. Ta ce, "Yaya, tashi, asibiti za mu." Aka ce ai mai gida ba ya nan, wa zai ba da izini? Aka yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Sai ta ce, "In ya dawo ya yi faɗa da ni, na ɗauka." Neman adaidaita sahu a wannan lokacin ya ci kusan awa guda. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa ba wuta, ba mai duba ni, aka ce mu wuce gaba. A babban asibiti aka ce guntun mabiyiya ne ya maƙale a ciki, shi ya hana mahaifa tsukewa, sai an yi wankin ciki an kuma ƙara mini jini. Jinin kuma sai dangi sun kawo.

Ni ban san abin da ya faru daga nan ba, labari aka ba ni. Maƙwabciyata ta kira Ma'aji, Ma'aji ta zo da kuɗi ƙulle a gefen mayafi. Sakatariya ta bi gida-gida. Ɗan wata, ƙanin wata, mijin wata, suka zo aka gwada su. Leda uku aka ƙara mini. Wasunku ban taɓa yi musu godiya a gaban jama'a ba. Yau ina yi. Jinin gidajenku ne ke yawo a jikina.

Da na farfaɗo, wata malamar asibiti ta zauna a bakin gadona ta ce mini, jinkiri uku ne ke kashe mata. Jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ta ce, "Ke duka ukun kika haɗa, Allah ne kawai Ya yi da sauran kwananki." Ta kuma ce mini jinin da ya wuce rabin lita bayan haihuwa ya zama zubar jini. Na ce mene ne rabin lita? Ta ɗauko ledar fiya wata ta nuna mini, ta ce, "Ga shi nan." 'Yan uwa, leda ɗaya fa. Ku tuna zani ukun da na jiƙe. Ta ce mace mai ƙoshin lafiya, in jini ya ɓalle mata ba a tare shi ba, cikin awa biyu tana iya tafiya. Kuma wadda ta yi haihuwa da yawa ta fi shiga hatsarin, don mahaifarta ta gaji. Ashe abin da nake taƙama da shi, shi ne raunina.

A asibiti akwai allurar da ake yi wa mace da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke. A ɗakina babu ita. Daga baya ma wata ma'aikaciyar lafiya da ta zo ajinmu ta ba mu labarin Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, 'yar garin nan, wadda tana cikin likitocin da suka jagoranci wani bincike a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai haihuwa, jinin na taruwa ana ganin adadinsa, ba sai an yi kintace da ido ba, in ya kai iyaka a haɗa mata magunguna nan take. Sakamakon ya fito a 2023, an ce mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Na ce to, ilimin 'ya mace ya yi rana.

Kada ku zaci labarin ya ƙare a nan. Rabin da ya fi ba ni tsoro yana gaba.

Na dawo gida, aka yi suna, aka ci ƙauri, aka ɗora tukunyar wanka. Safe da yamma, ruwa yana tafasa, ana fyaɗa mini da ganyen darbejiya. Ga kunun kanwa kofi-kofi, wai don nono da ƙarfin jiki. Haka na yi a sauran jegona, ban ga komai ba. Amma wannan karon, wajen sati uku, ƙafafuna suka kumbura har silifa ba ya shiga. In na je bayi na dawo sai haki. Da dare ba na iya kwanciya, sai in jingina da bango, ina tari har asuba. Aka ce sanyi ne ya shige ni, wankan bai kama ba. Aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa.

'Yata babba ce ta fashe da kuka ta ce wa babanta, "Baba, Umma fa ba ta numfashi daidai." Wannan karon shi da kansa ya ɗauke ni. Likita ya auna, ya ce jinina ya hau, zuciyata ta yi rauni, ruwa ya taru a huhuna. Tambayarsa ta farko ita ce, "Kina shan kunun kanwa?" Ya ce kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafin wankan kuma yana ƙara wa zuciya aiki, ga shi dama jinina bai gama dawowa ba. Ya ce tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da waɗannan al'adu. Bai ce kada in yi wanka ba. Cewa ya yi ruwan ya zama mai ɗumi wanda jiki zai ɗauka, kunu kuma a dama shi ba kanwa.

Na san wannan maganar tana da nauyi a kunnen iyayenmu. Ni ma uwata ce ta yi mini wankan fari, kuma da ƙauna ta yi. Kwana arba'in ɗin nan da ake hutar da mai jego, a dafa mata, a ɗauke mata aiki, abu ne mai kyau, kada mu yar da shi. Abin da ke cutarwa a ciki kawai za mu tsame, kamar yadda muke tsince tsakuwa a cikin wake.

Wata biyar ban taka kasuwa ba. Jarina ya tafi a magani. Akwai ranakun da zan zauna da jaririya a cinya, hawaye na zuba, ban san dalili ba, ko son a yi mini magana ba na yi. Ita ma wannan damuwar ciwo ce da ke kama masu jego, a daina ce musu rashin godiya. Abin da ya taimake ni shi ne ba ku bar ni ni kaɗai ba. Yau wannan ta zo da tuwo, gobe waccan ta wanke mini kaya. Da na miƙe, ƙungiya ta ba ni rance na sake ɗora tire, na biya cikin wata takwas. Likita ya kira mai gida ya yi masa bayani cewa wani cikin zai iya tafiya da ni, muka yi shawara, muka tsaya a bakwai, muna godiya ga Allah.

Kuma wannan ciwon ne ya kai ni aji. Magani kala huɗu aka ba ni, ban iya karanta ko ɗaya ba, in 'yata ta tafi makaranta sai in zauna ina kallon su. Na ce wallahi ba zan mutu a haka ba.

Yanzu ga abin da nake so kowace ta tafi da shi gida. Mai jego in ta jiƙe ƙunzugu sharkaf cikin awa ɗaya, ko jini na fita guda-guda, asibiti. In ciwon kai mai tsanani ya kama ta, ido na dishi-dishi, fuska ta kumbura, asibiti, don jijjiga tana zuwa ko bayan an haihu. In zazzaɓi ne da ciwon mara da ruwa mai wari, asibiti. In haki ne da kumburin ƙafa, asibiti. In fitsari na zuba ba ta iya riƙewa, kada a ɓoye ta a ɗaki, ana ɗinke yoyon fitsari a asibitin Murtala nan Kano da Babbar Ruga a Katsina. Ko ba abin da ke damun ta, ana so a duba ta sau huɗu: cikin awa 24 na farko, rana ta 3, tsakanin rana ta 7 da ta 14, sai kuma sati 6.

Sai roƙona ga ƙungiya, guda huɗu ne.

Na ɗaya, mu buɗe asusun mai jego daban da adashi, kowace ta riƙa jefa naira 200 a sati, kuɗin kuma ya kasance inda za a same shi ko ƙarfe biyun dare.

Na biyu, Sakatariya ta buɗe littafi, a rubuta mazanmu da samarinmu da suka yarda su ba da jini, kowa da rukunin jininsa.

Na uku, kowace unguwa ta samu mai mota ko mai adaidaita biyu da aka yi magana da su tun da wuri, lambarsu na hannun kowace mai ciki.

Na huɗu naku ne, iyayenmu maza. Don Allah, tun ciki na wata bakwai, ku faɗa a gaban mutanen gida: "In abu ya taso ba na nan, na ba da izini a kai ta asibiti." Kalma ce da ba ta cin ko kwabo. Mai gidana yana nan zaune, shi ya ce in faɗi wannan da bakinsa.

Yarinyar da na haifa a daren nan yanzu tana aji ɗaya a firamare. Da yamma ni da ita muke zama a tabarma ɗaya, kowa da littafinta, wani lokacin ma ita ke gyara mini.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego lafiya, Ya ji ƙan 'yan uwanmu da suka rasu a wajen haihuwa. Allah Ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka, Ya nuna mana shekara 20 da rai da lafiya. In na yi kuskure ku yafe mini.