Akwatin imel ɗinka, mabuɗinsa na hannun wa?

 

An ce in yi magana kan ordinater da neman aiki. Na san wani zai ce ai mu ƴan zamani ne, waya ba ta barin hannunmu. Haka ne. Amma ɗan uwa, iya WhatsApp daban, iya ordinater daban. Ranar da aka zaunar da kai a biro aka ce buga wasiƙa cikin Word, ranar za ka gane. Yawancin injinan da ke birorinmu tsarin Faransa gare su, AZERTY: lambobin layin sama ba su fitowa sai ka danne Maj, alamar @ kuwa sai ka haɗa Alt Gr da 0. Abu ƙarami ne, amma mai lisans na iya yin zufa a kansa, mai ɗaukar aiki na tsaye yana kallo.

Abin da ya fi damuna shi ne imel. Sanarwar aiki da yawa, musamman ta ƙungiyoyin agaji, da adireshin imel take ƙarewa, a ce can za ka aika CV da wasiƙar neman aiki. Sai ka ruga siber. Mai siber ya buɗe maka akwati, shi ya zaɓi kalmar sirri, shi ya aika dosiye, ka biya ka tafi. Bayan sati biyu amsa ta zo, ana kiranka ganawa ran Alhamis. Ina ta faɗa? Cikin akwatin da ba ka da mabuɗinsa. Kai kana gida kana cewa sai mai uwa a gindin murhu, alhali an kira ka, ba ka ji ba. Ga takardar haihuwarka da diplom ɗinka kwance cikin injin da kowa ke zama a gabansa.

Don haka buɗe da hannunka. Sa sunanka na yanka a adireshin, ka bar laƙabin fada a fada. Haɗa shi da lambar wayarka, don in ka manta kalmar sirri a aiko maka lambar ceto. In a siber ka shiga, ka fita daga akwatin, ka goge takardunka kafin ka tashi.

Wajen aikawa kuma, kar ka bar layin "objet" fayau, rubuta sunan gurbin da kake nema. Takardu ka mai da su PDF, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a saƙo ɗaya. "Slt" da "bjr" kuwa, don Allah a bar wa abokai.

Ƴan uwa mata, har da ku nake. Kar ki ba wani ya riƙe miki akwati, ko da yayanki ne.

In kana saukar da abu daga Play Store, to kana da asusun Google, wataƙila mai sayar da waya ne ya buɗe maka shi. Yau da dare ka duba sunan da ke kai. Ka aika wa kanka saƙo ɗaya da PDF a maƙale, ka ga ko ya iso. Wanda ya kasa, ya nemi ɗalibin jami'a mai ordinater a unguwarsu, mu zauna tare.

Wassalamu alaikum.