Tsawon Tirela da Yadda Take Shan Kwana



An nemi in yi magana a kan wani fanni na aikin injiniya wanda kowa zai iya bi, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Na zaɓi tirela, domin babu wanda ke cikin zauren nan da bai taɓa bin bayanta a hanyar Kaduna zuwa Kano ba, ko ya tsaya a gefenta bakin shataletale gabansa yana faɗuwa.

Bari mu fara da mahaɗa. A bayan kan motar, daidai bisa tayoyinsa na baya, akwai wani faffaɗan farantin ƙarfe mai tsaga kamar kofaton doki, wanda ake shafe wa giris. A ƙarƙashin gaban bodin kuma akwai gajeren turken ƙarfe, galibi kaurinsa inci 2, wanda yake shiga tsagar nan ya kulle. A kan wannan turke bodin yake juyawa. Turawa suna kiran farantin taya ta biyar, suna ne da suka gada tun zamanin keken doki. Sunan tantebur da iyayenmu suke kiran irin wannan mota ma daga farantin ya samo asali. A Amurka har a bayan a-kori-kura suke ɗaura ƙaraminsa, su ja ɗakin kwana mai taya zuwa yawon buɗe ido. Amfaninsa ɗaya ne ko'ina: nauyin gaban bodi yana sauka bisa tayoyin motar, saboda haka wutsiya ba ta samun damar kaɗa kai yadda take yi idan an ɗaure ta a bamba.

Yanzu ga abin da na zo faɗa. Idan tirela ta sha kwana, tayoyin bodi ba sa bin sawun tayoyin kai. Yanke suke yi ta ciki. Yawan yanken nan kuwa ya dogara ne ga nisan da ke tsakanin turke da tayoyin bodi, fiye da tsawon motar gaba ɗaya da ido yake gani.

Wanda bai manta lissafin Fitagoras na sakandare ba zai iya gwadawa da kansa. Mu ɗauka turken yana zagaya da'ira, nisansa da tsakiyarta mita 15. Idan daga turke zuwa tayoyin bodi mita 6 ne, tayoyin za su zauna a kusan mita 13.7 daga tsakiya, wato sun yanke mita ɗaya da 'yan kai. Idan nisan ya zama mita 12, za su koma mita 9, wato sun yanke mita 6 cur. Mun ninka tsawo sau biyu, yanke ya ninku kusan sau biyar. A cikin mita shidan nan ne ake samun mai babur da ya ga direba ya buɗe hanya ya kutsa, da mai tallar lemo, da bakin kwalbati. Direba bai buɗe don ya ba kowa hanya ba, wurin da wutsiyarsa za ta bi yake nema.

Saboda wannan ne dokar Tarayyar Turai ta 1996 ta tsayar da tsawon kai da bodi a mita 16.5, ta kuma ce dole motar ta iya juyawa tsakanin da'ira biyu, ta waje mita 12.5 daga tsakiya, ta ciki mita 5.3. A Amurka, inda bodi mai ƙafa 53 ya zama ruwan dare, jihar Kalifoniya ta ƙayyade nisan turke zuwa tayar ƙarshe a ƙafa 40.

Mai wayo zai ce, to a matso da tayoyin gaba mana. An yi, kuma yanke yana raguwa. Amma abin da ya saura a bayan tayoyin sai ya riƙa shara zuwa waje duk lokacin da aka juya, ya doki wanda ke ɗaya gefen. Nauyin da ke danne turke kuma ya ragu, motar ta soma rangaji idan an yi gudu. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Kada kuma a ɗauka gajeren bodi shi ne mai sauƙi a kowane hali. Ku tambayi tsohon direba: wajen ribas, gajere ya fi ban haushi, domin da an taɓa sitiyari ya karkace, kafin a gyara ya naɗe. Dogo yana amsawa a hankali, yana ba mutum lokacin gyara, sai dai yana neman fili. A miƙaƙƙiyar hanya ma dogo ya fi natsuwa, in ban da ranar da iskar hunturu ta bugi gefensa alhali ba kaya a ciki.

Batun birki shi ne mafi muni. Idan tayoyin baya na kai suka cije a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bodi yana ci gaba da turowa, sai kai ya juya a kan turke motar ta naɗe kamar wuƙar aljihu. Wannan ya fi aukuwa ga motar da ta sauke kaya, domin babu nauyin da zai danne tayoyi. Birkin zamani mai hana taya cijewa ya rage haɗarin ƙwarai, in dai yana aiki, a kai da bodi duka.

Da yawa daga cikinku za su zauna a ma'aikatar ayyuka ko ofishin tsara birane. Wata rana za a kawo muku zanen shataletale ko mashigar kasuwa ku sa hannu. Kafin ku sa, ku tambayi mai zanen da wace mota ya gwada kwanar. Idan ya ce da ƙaramar mota, ku mayar masa da takardarsa, ku ce ya gwada da tirela mai ɗauke da kwantena ta ƙafa 40.

 Shugaba, idan da sauran lokaci, zan amsa tambayoyi.