Gishirin da ke Motsa Tsoka: Shige da Ficen Ayon a Tantanin Ƙwayar Halitta



A shekarar 1883 Sydney Ringer na Landan ya wallafa wani abu da ya ɗaure masa kai. Zuciyar kwaɗon da yake gwaji da ita ta daɗe tana bugawa a cikin ruwan gishiri, ashe mataimakinsa ruwan famfo ya ɗebo maimakon tataccen ruwa. Ɗan kalsiyam da ke cikin ruwan famfon shi ya riƙe zuciyar. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya mai ɗauke da sunan Ringer, daga nan asalinsa yake.

Kowace ƙwayar tsoka tana lulluɓe da tantani na maiƙo wanda ayon, wato gishirin da ya narke ya ɗauki cajin lantarki, ba ya iya ratsa shi sai ta ƙofofi na musamman. A waje sodiyam ne ya fi yawa, a ciki kuwa fotasiyam. Wannan bambanci ba ya zama da kansa. Akwai famfo a jikin tantanin, wanda Jens Skou ɗan ƙasar Denmak ya gano a 1957, da ke fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2, dare da rana, ko mutum na barci. Shi ya sa cikin ƙwayar tsoka mai hutawa yake ƙasa da wajenta da kimanin milibolt 90, kamar baka da aka ɗana.

Da saƙon jijiya ya iso, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, ya kwarara ciki, cajin ya juye. Girgizar ta bi ƙananan hanyoyi zuwa tsakiyar ƙwayar, ta buɗe rumbun kalsiyam. Kalsiyam ya kama furotin da ake kira turofonin, zaruruwan tsoka su ja juna, hannu ya ɗaga. Nan take fotasiyam ya fita ya maido da cajin, wani famfon kuma ya mayar da kalsiyam rumbunsa, tsoka ta saki.

Inda nake so mu tsaya shi ne fotasiyam. Kusan kashi 98 cikin 100 nasa a cikin ƙwayoyi yake. Na cikin jini bai wuce milimol 3.5 zuwa 5 a lita ba. Kaɗan ya ragu, lissafin tantanin ya rikice. Yaron da amai da gudawa suka kama, fotasiyam yake zubarwa tare da ruwan jikinsa, sai ka ga jiki ya yi laƙwas, ciki ya kumbura don hanji ya daina motsi, bugun zuciya ya karkace. Ruwan gishiri da sukari na gida yana ceton rai, ban raina shi ba, amma babu fotasiyam a cikinsa. Ƙunshin ORS na Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa yana da giram 1.5 na gishirin fotasiyam a kowace lita. Kada kuma sunan da ake ba kanwa a Turance, mai kama da na fotasiyam, ya ruɗe mu. Akasarinta gishirin sodiyam ce, ba ta cike wannan giɓi.

Roƙona ga malamai masu koyar da ma'aikatan jinya: duk ranar da aka zana famfon sodiyam da fotasiyam a allo, a ajiye ƙunshin ORS a kan teburi, ɗalibai su karanta abin da ke rubuce a bayansa.