Motar Da Ta Kwana Damina A Rufe

Zancenmu na yau daga Gurugu yake zuwa, nan gefen Tamale a yankin Sagnarigu, kuma a kan mota yake: motar da aka ajiye, aka kulle, aka daɗe ba a buɗe ba.

In ka ratsa unguwa da damina za ka gan su tsaye a gindin darbejiya, an lulluɓe da tamfol, ciyawa ta kai rabin taya. Kowace da dalilinta. Wani ya bi shanu kudu, sai kaka zai komo. Wani ya tafi Makka, ga shi shekarun nan aikin Hajji a farkon damina yake faɗowa, kuma tun 2016 alhazan arewa daga nan filin jirgin Tamale suke tashi, sai mutum ya kulle mota a ƙofar gida ya yi wata guda da ɗoriya. Wani kuwa hanya ce ta tsaya. Ba ku manta ba, Gana ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Maris na 2020 saboda korona, ba a buɗe ba sai Maris na 2022. Damina biyu ke nan cur. Masu albasar Galmi ma sun ɗanɗana irinta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da ECOWAS ta sa takunkumi. Ranar da hanya ta buɗe, mai mota ya zo da murna ya ja ƙofa, sai wari ya mare shi. Kujera ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, sitiyari ya yi gashi, bel ɗin kujera ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Funfuna ke nan.

Abin da akasari ake yi a nan shi ne a ɗauko tsumma a goge, a sayo turaren mota a rataya, wani har ya sa turaren wuta. Kwana uku, wari ya dawo, wannan karon gauraye da turare, ya fi na farko tayar da zuciya. Alhaji, ajiye kuɗin turaren tukuna. Funfuna abu ne mai rai, kamar tsiro. Irinta yana yawo cikin iska ko'ina, ido ba ya ganinsa, kuma ba mai iya hana shi shiga mota. Abin da yake jira ruwa ne. In ya samu wuri mai laima, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe shi ya kama. Abinci kuwa ba ya rasawa a motar ɗan kasuwa: nono da ya zube daga ƙwarya, ruwan wagashi, ɓarɓashin ƙuli-ƙuli, man kaɗanya da ya naso daga buhu, gumin hannu a sitiyari. Saboda haka tambayar farko ita ce: ta ina ruwa yake shiga?

A nan nake so mu daɗe, don nan ne aikin yake. Tamale tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Mota a rufe cikin wannan lokaci kamar tukunya ce da murfi. Da rana ta yi zafi, ruwan da ke ƙasa ya tashi ya zama tururi. Da dare ƙarfe ya huce, tururin ya kwanta a gilashi da rufi, ya sake ɗigowa kan kujera. Haka kullum, ruwa ɗaya yana hawa yana sauka, ba ya fita. In da asuba ka ga gilashi yana gumi daga ciki, to akwai ruwa kwance a wani wuri ko da idonka bai gan shi ba.

Fara da ƙasan gilashin gaba, inda sandunan goge ruwa suke. Akwai magudana a wurin da take kai ruwa ƙasa. Ganyen darbejiya da 'ya'yanta da ƙurar hunturun bara su kan toshe ta, ruwa ya taru, ya malala ta ramin iska ya sauka daidai ƙafar wanda ke zama kusa da direba. Inuwar da ka zaɓa don tausayin fenti, ita ce ta jawo. Sa hannu ka kwashe, ka zuba ruwa ka ga yana fita ta bayan taya. Daga nan ka tsuguna ka dubi ƙasan kowace ƙofa: akwai 'yan ramuka da aka bari don ruwa ya tsiyaye. Laka tana liƙe su. Girgiza ƙofar, in ka ji ruwa yana kaɗawa a ciki, tsokane ramin da tsinke. Robar bakin ƙofa kuma, zafin Maris da Afrilu yana busar da ita ta tsattsage, sai damina ta zo ta same ta a haka. Buɗe but, ka ɗaga safaya. Sau da yawa ramin safaya cike yake, har jak ya yi tsatsa, kuma ruwan ta gefen fitilar baya yake bi. Masu mota mai taga a rufi, irin waɗanda ake kawowa daga Turai ta Tema ko Lome, su sani akwai siraran bututu a kusurwoyin tagar, in sun toshe ruwa ta rufi yake biyowa.

In duk ka duba ba ka gane ba, ga dabara mai sauƙi. Mutum ɗaya ya shiga da tocila ya rufe ƙofa, ɗaya ya tsaya waje da buta yana zuba ruwa a hankali. A fara daga ƙasa a hau sama, wuri ɗaya bayan ɗaya. In ka fara daga rufi, ko'ina zai jiƙe, ba za ka san mai laifi ba. Roba in ta mutu a sauya ta; in babu a Tamale, masu zuwa Kumasi su duba a Magazin ta Suame. Liƙa gam a kan matacciyar roba aikin mako biyu ne.

Akwai ruwan da ba na sama ba. In laimar tana da santsi a yatsa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to daga bututun na'urar ɗumama mota yake, wannan sai fita, wato bakanike. Wanda kuma ambaliya ta shiga motarsa, kamar mutanen bakin kogi wajen Pwalugu da Nawuni in an saki ruwan dam ɗin Bagre, kada ya kuskura ya tayar da inji. Ya zaro sandar duba mai tukuna. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a jawo motar da igiya zuwa gareji.

To, an toshe hanyar ruwa. Saura busarwa, kuma a nan ne mutane ke gajen haƙuri. Ka taɓa kafet ka ji ya bushe, ka ce shi ke nan. A'a. Ƙarƙashin kafet akwai wani bargo mai kauri da aka shimfiɗa don rage ƙara da zafi. Shi ne yake riƙe ruwa kamar soso, yana iya yin makonni a jiƙe alhali sama ta bushe ƙayau. Sai an ɗaga. A cire tabarmin roba, a kwance kujeru in da hali, a ɗaga kafet, a ciro bargon a shanya a rana. In ya yi baƙi yana marmashewa a hannu, a jefar, mai ɗinkin kushin zai yanka maka wani. Ƙasan motar akwai 'yan toshe na roba, a cire su ruwa ya zube, a goge ƙarfen, a mayar da su daga baya. Amma kafin a taɓa kujerar gaba a cire kan batir, a ɗan jira. Motocin zamani suna da waya a ƙarƙashin kujera, mai kai rawaya, ta jakar iskan nan ce da ke tashi lokacin haɗari. Ba abin wasa ba ce. Wasu motocin ma kwamfutarsu a ƙasan kafet take. In ka ga kan waya ya yi kore, kira mai gyaran wutar mota kafin ka murɗa makulli.

Rana ita ce babbar ma'aikaciya, kuma ba ta karɓar sidi ko sefa. A fito da motar fili, a buɗe ƙofofi huɗu da but tun hantsi, a rufe kafin magariba don raɓa. Da damina kwana biyu ko uku ba za su yi yawa ba, in akwai fanka a sa mata. Wanda motarsa za ta iya jira zuwa Disamba, iskar hunturu da ke fasa mana leɓe za ta yi masa aikin cikin yini ɗaya ko biyu.

Abu biyu nake roƙonku don Allah. Kada a sa kaskon garwashi cikin mota wai don ta bushe da wuri. Ban da gobara, hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kisa, kuma ba ya wari balle ka ankara. Haka kunna inji a cikin rufaffen gareji. Na biyu, mota a buɗe a tsakar gida wurin ɓuya ce ga yara. Yaro ya shiga, ƙofa ta rufe, zafin rana ya gama da shi kafin a gama cigiya. In ba babba a wurin, a kulle, a ɗauke makulli. Kuma kafin ka zura hannu ƙarƙashin kujerar motar da ta daɗe cikin ciyawa, buga da sanda. Makiyayi ba sai an faɗa masa dalili ba.

Wankin kansa ba shi da wuya. A yi shi a waje, a sa takunkumi da safar hannu. Mai asma, da mai tsohon tari, da mai ciki, su yi nisa, don ƙurar funfuna tana tayar da ciwon ƙirji. Kada a kaɗe ta a bushe, za ta tashi ta cika hanci ta koma wani wuri. A ɗan jiƙa tsumma a kwashe ta sama, a jefar da tsumman. Sannan a samo farin ruwan khal, wanda masu shago ke kira binega, a fesa, a bar shi kamar awa guda, a goge da buroshi mai laushi da ruwan sabulu kaɗan. Kaɗan na ce. In ka kwarara bokiti a kujera ka koma inda ka fara. Tsamin khal zai tafi da kansa in ta sha iska. Kujerar fata a sirka khal ɗin da ruwa rabi da rabi, a goge, a busar a inuwa. Bel ɗin kujera a jawo shi har ƙarshe, a wanke da sabulu kawai, a maƙale shi a waje sai ya bushe sarai kafin a bari ya naɗe.

Ruwan bilic fa, wanda a Gana muke ce wa Parazone, mutanen Burkina da Nijar su ce jabel? Ni dai ban ba da shawararsa a cikin mota ba. Yana cin launin kujera, yana sa ƙarfe tsatsa, yana raunana zaren bel, abin da ranka ya rataya a kai ranar tsautsayi. Kuma kada a taɓa haɗa shi da khal, haɗin yana fitar da iska mai guba. In motar tana da na'urar sanyi, a sauya matatar iskar da ke bayan akwatin gaban fasinja, in ba haka ba kana kunnawa za ta sake feso maka abin da ka wanke.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar fatake da masu dabba. In an bar buhun masara, ko gyaɗa, ko dusa a cikin motar nan ya yi funfuna, kada a ce asara ce, a shanya a kai Aboabo a sayar, kada kuma a zuba wa shanu da kaji. Wata funfunar da ke kama masara da gyaɗa tana haifar da guba da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta. Shanya ba ta kashe ta, dafuwa ba ta kashe ta. A Ingila aka fara gano ta bayan 1960, da talotalo wajen 100,000 suka mutu saboda abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Saniya in ta ci, wani kaso yana fitowa a nononta, nonon da yaranka za su sha da safe, wanda Inna za ta ɗauka zuwa kasuwa. A haƙa rami mai zurfi a binne. Kuma kada a ɗora sabon hatsi a motar da ƙasanta bai bushe ba. Daga Tamale zuwa Paga tafiyar sa'o'i ce, amma in takarda ta riƙe ka a boda kwana uku, buhun ƙasa ya sha laima.

Wanda yake shirin tafiya kuma, Ardo ne ko Alhaji, ya share motar tas, ya fitar da darduma, da tsumma, da duk abin da aka ci aka rage. A ajiye ta a kan siminti ko tsakuwa, ƙarƙashin rumfar kwano in akwai, ba kan ciyawa ba, ba gindin itace ba. Tamfol ɗin roba da aka ɗaure har ƙasa yana tsare tururin da ke tashi daga ƙasa. In dole ne a rufe, a bar gefe iska ta ratsa. A zuba busasshen gawayi, wanda ba a kunna ba, cikin kwano biyu ko uku a ajiye a ƙasan kujeru, yana shan wari da ɗan danshi, amma ba zai shanye ruwan da ke yoyo ba. A cire kan batir. Sannan a bar makulli hannun wani babba mai amana, ƙane ko maƙwabci, a ce masa duk Juma'ar da rana ta fito, in an sauko daga masallaci, ya buɗe ƙofofi ya zauna kusa har la'asar, ya sa tafin hannu a kafet ta gefen fasinja ya danna, ya ɗaga safaya ya leƙa.