Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Matsayin Nakasassu a Tsarin Raya Ƙasar Daura



An nemi in yi magana a kan nakasassu, waɗanda a takardun hukuma ake kira masu buƙata ta musamman, da kuma yadda ya kamata a tsara musu ayyuka a ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura da Baure da Zango da Mai'adua da Sandamu. Abin da nake so in tabbatar a gabanku guda ɗaya ne: duk shirin taimako da aka ƙulla ba tare da an tambayi mutumin da za a taimaka ba, to, ƙarshensa asarar dukiya da zubar da mutunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna da wata nakasa. Ke nan maganar ta shafi kusan kowane gida.

Abin da muka gada

Hausawa ba su taɓa ɗaukar nakasa a matsayin ƙarshen mutum ba, shi ya sa suka ce babu nakasasshe sai kasasshe. A manyan garuruwan ƙasar Hausa akan naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suke sasanta jama'arsu, suke kuma kai kukansu fada. Bebaye suna da nasu harshe, maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a shekarar 2000. A fagen ilmi kuwa, Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, amma almajirai da malamai sun daɗe suna haddace baitocinsa. Addini ma ya riga ya shimfiɗa mana hanya: a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci tare da Bilalu, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barinsa wakili a Madina.

To, amma gaskiya ɗaya ce, wannan gado yana da giɓi. Tsarin sarautun nan ya ginu ne a kan karɓar sadaka da rarraba ta. Yaron da aka haifa makaho, sau da yawa sana'arsa an riga an yanke masa tun bai yi wayo ba, wato bara. Babu wanda ya tambaye shi ko yana sha'awar fatauci ko malanta.

Abin da doka ta tanada

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 1981 domin nakasassu, sannan a 2006 ta zartar da yarjejeniyar kare haƙƙinsu, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari na Daura, ya sa hannu a kan Dokar Hana Nuna Bambanci ga Nakasassu ta 2018. Dokar ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wa nakasasshe bambanci, da tarar Naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta hana a riƙa amfani da su wajen bara, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko mai sanda zai iya shiga. Wa'adin nan ya cika a Janairun 2024. Ina roƙon kowane ma'aikaci da ke nan, in ya koma ofis gobe, ya tsaya ya ƙirga matakalar da ke bakin ƙofarsa, ya tambayi kansa ko gurgu zai iya isa teburinsa ba tare da an ɗauke shi ba.

Tsarin da ya fara daga mutum

Doka tana magana ne a kan jama'a gaba ɗaya, alhali kuwa nakasa a jikin mutum ɗaya take. A nan ne muke buƙatar abin da zan kira tsarin da ya fara daga mutum. Ya taso ne a Amurka da Kanada a shekarun 1970 da 1980, a cikin masu aiki da mutanen da ke da raunin fahimta, kuma gwamnatin Ingila ta shigar da shi cikin manufofinta a 2001. Tushensa bai wuce karin maganar nan tamu ba, cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in kawo misali. A ce an ware kuɗi an sayo kekunan ɗinki hamsin da kekunan guragu hamsin, aka tara mutane a sakatariya, aka raba, aka ɗauki hoto. Cikin waɗanda suka karɓa akwai wani gurgu daga wani ƙauyen Baure, inda hanya duk rairayi ce, keken nasa ba ya ko motsi a cikinta. Abin da yake nema shi ne jaki da amalanke. Akwai wani kuma a Mai'adua wanda ya ƙware da lissafin kasuwa, bukatarsa rumfa da ɗan jari, sai aka miƙa masa keken ɗinki, shi kuwa bai taɓa riƙe allura ba. Kada mu yi mamaki in muka ga kayan nan a kasuwa kafin wata ya zagayo, kada kuma mu ce mutanen ba su da godiya.

Ga yadda tsarin yake. Da farko, ma'aikaci ya je har gida ya zauna da mutumin, ya tambaye shi abu uku: me kake so ka zama, me ka iya, me ke tare maka hanya? Na biyu, a gayyato waɗanda shi kansa ya zaɓa, kamar iyaye, ko aboki, ko mai unguwa, ko malamin makaranta, su taya shi shawara, ba su ƙwace masa magana ba. Na uku, a rubuta wa zai yi me, kuma zuwa yaushe. Na huɗu, a koma bayan 'yan watanni a duba abin da ya yiwu da wanda ya faskara. In mutumin bebe ne, a nemo mai maganar hannu. In mace ce, mace ta je, domin nakasassun mata su ne aka fi ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, har a manta da su a wurin ƙidaya. In kuma mai raunin fahimta ne, a yi haƙuri a lura da abin da ke faranta masa rai, domin rashin iya furtawa bai zama rashin ra'ayi ba.

Na san wani zai ce ina kuɗi, ina ma'aikata? Amsata ita ce tambaya ba ta cin ko kwabo, kuma dagatai da masu unguwanni sun san kowane gida. Kuɗin da ke zurarewa a kayan da ba a nema ba sun fi ƙarfin kuɗin man babur.

Kammalawa

A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, amma dubban yaran da ta riga ta shanye wa ƙafafu sun zama magidanta a tsakaninmu, suna jiran aiki da makaranta da hanyar shiga asibiti. Ku ɗalibai, a cikinku akwai masu zanen gine-gine da malamai da akantocin gobe. Kafin ku zana ƙofa, ko ku rubuta kasafi, ku nemi Sarkin Makafi da shugabannin ƙungiyoyin nakasassu ku ba su kujera a kwamiti, da ikon cewa a'a. Yau da gobe ba ta bar kowa ba. Tsufa ko haɗarin mota kan mai da mai lafiya nakasasshe cikin dare ɗaya, kuma ranar nan kowanenmu zai so a tambaye shi kafin a yanke masa.

 Allah ya sa mu dace.